Na Hana a Yi wa Mijina Salla

Ina suyar gyaɗar sayarwa a ƙofar gidanmu a unguwar Nuzla maƙwabcinmu ya dawo daga mina, wato tashar jiragen ruwa, ya tsaya ya kasa sallama. A lokacin ina da ƙuruciya, ga goyo, iyayena suna can Bur Sudan. Mijina yana aikin inji a wani jirgin ruwa mai dakon siminti. Maƙwabcin ya ce jirgin su mijina ya taka nakiyar da aka zuba a teku wajen Suwes saboda yaƙin Masar da Isra'ila, ya nutse. Ba a ga gawar mijina ba.

Mutum biyu 'yan unguwarmu sun tsira, da suka dawo na je na same su. Na farko ya ce mijina yana ƙasa wajen inji, kuma nan nakiyar ta fasa, halas, shi ke nan, in yi haƙuri. Na biyu bai iya duban idona ba, ya ce kamar ya hango shi cikin ruwa riƙe da katako. Na ɗauki maganar na biyu. Da liman ya aiko za a yi masa sallar da ake yi wa mamacin da babu gawarsa, na ce ba a sallatar mai rai. Mata suka zo ta'aziyya da shinkafa da gahawa, na mayar da su. Surukata ta roƙe ni, tana ce mini 'yata, in bar mutane su zauna ko na wuni ɗaya su yi wa ɗanta addu'a. Na ce Inna, in ya dawo da wane ido za mu dube shi. Ba ta ƙara tayar da zancen ba har ta rasu.

Bayan shekaru, mutum na biyun yana jinya ya sa aka kira ni. Ya ce bai ga kowa ba, tausayina ne ya kama shi ranar. Ban riƙe shi ba, ni na je neman wannan amsar.

Na gane jiran don kaina na yi shi, mijina kuwa addu'a yake bukata. Wadda irin wannan ya sama, kada ta kori masu ta'aziyya. Wanda aka tambaya kuma, ya faɗi abin da ya gani kawai. Na tambayi malami ko za a iya yi masa sallar yanzu, ya ce lokaci ya wuce, sai sadaka. Sadakar ina yi. Sallar kuwa har yau ba a yi masa ba.