Bidiyon da Aka Datse wa Baki

Shekara goma sha shida Anti Tela ta yi a ɗakin bakin ƙofa, wanda tagarsa ke kallon titi. Ta nan mata ke miƙo yadi, ta nan suke karɓar ɗinki, har masu babur sun san inda za su tsaya in an ce gidan tela. Mijinta ya rasu ya bar mata keke da 'ya'ya biyu, da keken nan ta raine su har suka kama gabansu. Matar da ta koya mata sana'a ta sha ƙwala mata kan almakashi a yatsu in ta bar zare yana reto, shi ya sa har yau ba ta iya ganin abu da ragowa ta ƙyale shi. Ko takarda aka miƙa mata sai ta daidaita bakinta.

Tsohon Direba da ke saman bene shi ya hana ta sakat. Ya nemi ɗakin ya buɗe shago, mai gidan da suke haya ya ƙi, sai ya koma neman yadda za ta tashi da ƙafarta. Ta shanya yadin mutane a tsakar gida, ya sheƙo ruwan wanke-wanke daga sama. Kwastoma ta shigo, ya leƙo ya ce ta auna kayanta da kyau, tela ɓarauniyar ƙyalle ce. Da mai gida ya gaji da sauraron ƙara, ya ce duk wanda ya tabbata shi ne mai tsokana, a bakin ɗakinsa.

Wata uku tana jingina waya a taga tana ɗauka. Da bidiyo ya kai goma sha ɗaya, ta yafa mayafi ta nufi ofishin ɗan yayanta, lauya ne, ta dire masa wayar a kan tarin fayil.

"Ka gani da idonka. Yau zan watsa shi a intanet, duniya ta tofa masa yawu. Kai dai ka ce min babu laifi."

Ya kalli uku, ya cire tabarau. "Goggo, ɗauka daban, yaɗawa daban. Daga tagarki kika ɗauka, tsakar gida kuma ta kowa ce, wannan da sauƙi. Amma ga matarsa nan a baya da ɗaurin ƙirji, ita me ta yi miki? In ya ce kin ɓata musu suna, ke za ki koma mai amsa tambaya."

"Au, dokar taku ta azzalumai ce? Sai ya fasa min kai tukuna za ku buɗe littafi? Ni na goya ka, yau ni kake karanta wa turanci!"

"Da Hausa na faɗa, Goggo." Ya sake danna wani. "Me ya sa kowanne yake farawa daga tsakiyar magana? Nan ya ce ki sake faɗa. Ki sake faɗin me?"

"Bakin na rage. Ragowa ce."

"Ina na asalin?"

"Na goge. Wayar cike take da hotunan ɗinki."

"Shaida ba riga ba ce da za a datse mata gefe. Wanda za a kai wa, farkon yake son ji. Me kika ce masa?"

Ta kalli fankar da ke juyi a sama. Ta san abin da ta ce. Shekarun baya motar Direba ta faɗi da mutane, wasu ba su tashi ba, tun ranar bai sake riƙe sitiyari ba. Bidiyo biyu na farko shi ya kawo kansa. Daga nan ya lura da wayar, ya yi lakwas, ita kuma ta ga ba za ta ci wulaƙancin shekara biyu ta tashi da bidiyo biyu ba. Sai ta riƙa fitowa shanya, ta ce ƙasa-ƙasa, "Mai kisan fasinja." Nan take ashar da bokiti su biyo baya, waya kuma tana aikinta. A ranta ba ƙarya ta yi ba, ai halinsa ne ta fito da shi fili.

"Ki koma ki bar wayar tana ɗauka, ki kama bakinki," in ji Lauya. "In ya yi, ki kawo min yadda yake, mu rubuta wa mai gida, mu kai ƙara."

Ta fizge wayarta. Takardar lauya mutum uku ne za su karanta. Ita so take duk matar da aka kira ta ɓarauniya a gabanta ta ga tsohon yana kumfar baki. Ba ta gama sauka matakalar ofishin ba ta sa bidiyon duka a intanet.

Kwana biyu tana ɗinki tana karanta zagin da ake masa, har ta haɗa hannun riga a baibai. Rana ta uku mai gida ya tsaya a ƙofarta da waya a hannu. Ashe matar Direba ma ta daɗe tana ɗauka daga sama, ita kuwa ba ta san yadda ake yanke komai ba. Muryar Anti Tela ta fito tar, sau tara.

"Shekara biyu yana min wanka da ruwan kwanuka!" ta ce, muryarta har titi. "Ina wayoyinku suke a lokacin? Ina idonka yake?"

"Abin da na ji na ji, Anti. Ƙarshen wata ki bar min ɗakina."

Ya juya ya tafi. Ta tsaya tana huci, tana jiran a leƙo daga sama ta samu wanda za ta sauke wa, ba wanda ya leƙo. Can ta zauna a kan keken, ta fara kiran kwastomominta ɗaya bayan ɗaya, kowace ta zo ta ɗauki yadinta, ɗinkakke ko ba ɗinkakke ba.