Kawuna da Ƙwayar Direbobi

Ko yau in na ji ƙanshin man riɗi a kan wuta, bayan Kawu nake gani. Da shi Kaka take shafe masa kafaɗu duk ranar da zai fita kokawa, tana yi tana faɗa, wai ƙato da shi bai bar wasan yara ba.

Kawu ƙanin mahaifiyata ne, kuma ɗan ga-ruwa. Daga bazan, wato famfon unguwa, yake ɗauko garwa biyu a sanda ya hau da su gidajen kan dutse, bai tsaya hutu ba. In alhazai suka watse, garin Makka ya yi shiru, mutanenmu Takari, wato Hausawa mazauna can, sukan taru da la'asar a wani fili can wajen Kudai, lokacin babu komai a wurin sai yashi da awaki. Ba a kiɗa, don an hana. Tafi ake yi da kirari. Mu yara mata kan dutse muke hawa mu yi kallo. Ka yarda da ni, shekara da shekaru bayan Kawu bai taɓa ƙasa ba. Har Larabawan unguwa sun san shi.

Sai furfura ta fara fito masa, sai kuma ga wani saurayi da iyayensa suka zo ta Sudan, dogo, mai dogon numfashi. Karonsu na farko da ƙyar Kawu ya sha. Ya dawo gida ya zauna a bakin ƙofa.

A lokacin ne wani direban babbar mota mai bin hanyar Jidda ya ba shi wasu fararen ƙwayoyi, irin waɗanda direbobi ke sha don kada barci ya ɗauke su. Mu ba mu sani ba. Abin da muka gani shi ne Kawu ya dawo kamar ɗan ashirin, yana kayar da mutane kafin a gama tafi. Amma a gida tuwo ya daina shiga, kuma mutumin da yake goya ni ya fara daka mini tsawa.

Kaka ta ce masa, "Ɗan nan, ƙarfin da ba ya cin abinci ba naka ba ne. Me kake sha?"

Ya ce, "Ba komai, Inna."

Da shekara ta zagayo suka sake haɗuwa da saurayin. Kawu ya ɗaga shi ya maka da ƙasa. Wasa ya ƙare ke nan, amma bai sake shi ba. Ya ci gaba da murɗe masa hannu, ana ihu, har muka ji ƙarar ƙashi daga inda muke. Sai da maza suka taru suka ɓamɓare shi.

Washegari dattawa suka zauna a tsakar gidanmu, muna ji ta bayan labule. Direban ya riga ya yi surutun ƙwayar a wurin masu shayi, Kawu kuma bai musa ba. Babban dattawan, wani tsohon tela, ya tambaye shi, "To, a cikin kayen nan da ka yi, waɗanne ne naka?"

Kawu ya ce, "Baba, na farko duk nawa ne. Wallahi nawa ne."

Tsohon ya ce, "Mun yarda. Amma wa zai raba mana su?"

Ba wanda ya kore shi, ba wanda ya zage shi. Sunansa kawai aka daina sawa a kirari. In ana lissafa gwanaye sai a tsallake shi, in wani ya tuna sai a ce, ai wancan na ƙwaya ne. Ya bar shan ta bayan ya yi jinya mai wuya. Shi ya riƙa kai ruwa gidan su saurayin har hannun ya warke, ko da yake bai miƙe daidai ba, yaron kuma bai ƙara kokawa ba. Kawu ya tsufa cikin mutunci, ana ba shi ajiya, ana kiransa sulhu. Duk da haka ranar ta'aziyyarsa na ji tsofaffi biyu suna musu ƙasa-ƙasa, ɗaya na cewa ba a yi kamarsa ba, ɗaya na cewa Allah kaɗai ya sani.

Yanzu a unguwar Rusaifa nake, filin nan kuwa ya zama tashar motocin alhazai. Kwanaki jikana ya nuna mini a waya wasu 'yan ƙwallon gora na Amurka da aka ƙi sa sunansu cikin gwanaye saboda irin wannan. Hausarsa ba ta da yawa, sai ya haɗa da Larabci, ya kira ni kaka da Larabcin ya ce, "Sitti, ai zalunci ne, tun kafin su sha sun iya."

Na ce masa na sani, domin na ga irinsu da idona. Kawu gwani ne tun kafin ƙwaya, wannan ko gaban wa zan faɗa. Amma ni ce ta ƙarshe da ta rage cikin waɗanda suka ga kayensa na farko, kuma ba dattawa ne suka ɓata masa suna ba. Da ya yarda yaron nan ya kayar da shi sau ɗaya, da har yau ana kiran sunansa.