Rijiyar Gidan Wuta

Rannan ina tsince shinkafa na ji a rediyo wai a wata ƙasa can, shugabannin wata ƙaramar hukuma sun tsaya kai da fata sai an sake tayar da tashar wutar nukiliya da aka rufe a garinsu. Aka ce an tara mutanen gari an tambaye su, babu wanda ya ƙi. Na yi dariya ni kaɗai. Ban san nukiliya ba, amma na san irin taron nan da babu wanda ya ƙi. An taɓa yin sa a garinmu, kuma saura kaɗan ya raba ni da mahaifina.

Garinmu yana tsakanin Fammar da Fassi. A bayan gari akwai wani gini mai rufin kwano da muke kira gidan wuta. Wata gwamnati ce can baya ta gina shi, ta sa ƙaton injin dizal a ciki, ta haƙa rijiya mai zurfi a harabar don ruwan sanyaya injin. Ya yi 'yan shekaru yana haska gari, sannan ya mutu a zamanin soja. Wayar shinge ta zube, ƙadangaru suka gaje ginin. Rijiyar ce kaɗai ba ta mutu ba. Ko a tsakiyar bazara, lokacin da rijiyoyin gari ke komawa laka, ita tana nan da ruwanta.

Saboda rijiyar nan mahaifina, Baffa, ya zauna wuri ɗaya. Mu Fulani ne. Ina ƙarama, duk rani sai mun ɗaura kaya a kan takarkari mun nausa kudu neman ruwa, ƙafa na tsagewa, Inna na goye da ƙanina. Da Baffa ya ga rijiyar ba ta da mai ita, sai ya fara shayar da shanunsa a can. Shekara ta zagayo bai tafi ba. Ya gina ɗakin ƙasa, ya fara noma, ya bari aka sa ni a makaranta. Daga nan ne na auri ɗan gari, Bahaushe, wanda da aka dawo mulkin farar hula ya ci zaɓen kansila.

Maigidana mutum ne mai tumbi da dariya, kuma idan ya kama zance ba ya saki. Zancensa ɗaya ne: a tayar da gidan wuta. Da shi yake karya kumallo, da shi yake cin tuwo. Ina tsokanarsa ina cewa da injin ya aura da ya huta, amma a raina na san yana da gaskiya. Allurar rigakafin yara sai an ɗauko ta daga Rano a kan babur cikin ƙanƙara, saboda firjin ɗakin shan maganinmu ya zama akwatin ajiye tsintsiya. Mai waldar garin ya tattara ya koma Rano. Na taɓa raka wata maƙwabciyata haihuwa, ni ce na riƙe wa ungozoma aci-balbal.

Ya yi ta zarya zuwa sakatariya har shugaban ƙaramar hukuma ya saurare shi. Sauran kansiloli ma suka goyi baya. Aka ce hukuma za ta ɗauki nauyin gyara da na mai, amma da sharaɗi: sai mutanen gari sun yarda da bakinsu, domin za a mayar da shinge, kuma za a rufe bakin rijiyar da siminti a sa mata famfo. Lokacin ba a daɗe da ƙaddamar da Shari'a ba, ko'ina wa'azin haƙƙin maƙwabci ake yi, shugaban ya ce ba zai ɗauki haƙƙin kowa ba. Na yaba masa a kan wannan, har yau ina yabawa.

Aka yi taron a ƙofar gidan dagaci bayan la'asar. Mu mata ba mu je ba. Maigidana ya dawo yana fara'a, ya jefa hularsa a kan gado, ya ba ni labari. Wani ya yi ƙorafin ƙarar injin, aka ce za a dasa itatuwa. Liman ya nemi a ja waya zuwa masallaci, aka ce an ja.

"Kuma kin san wani abin daɗi?" in ji shi. "Har Baffa ya sa albarka. Dagaci ya tambaye shi a gaban kowa, ya ce alheri ne, Allah ya sanya albarka."

Na ajiye muciyar da ke hannuna.

"A gaban kowa aka tambaye shi?"

"A gaban kowa mana."

"Kana zaune?"

"Ina gefen dagaci."

"Kansila," na ce, "lallai kai Bahaushe ne na gaske. Kun tsayar da dattijon Bafillace a gaban jama'a, surukinsa na zaune, kun ce ya faɗi ko yana da buƙata. Me kake so ya ce? Ko ƙafarsa kuka ce za ku yanke, albarka zai sa muku."

Dariyar ta gudu daga fuskarsa. Shi a tunaninsa Baffa zai koma shayarwa a rafi. Ya manta rafin ba ya kai watan bazara. Raina ya ɓaci ƙwarai, ba don mugunta ya yi ba, don bai gani ba. Shekaru yana gaida mutumin nan a tsugunne, bai taɓa tambayar kansa ina shanunsa ke shan ruwa ba.

Washegari na tafi ruga. Tun daga nesa na ga abin da nake tsoro. Inna ta fito da tsofaffin buhunan tafiya tana ɗinke inda ɓera ya ci. Baffa yana zaune a gindin marke yana feƙe sabuwar sanda, ya miƙe ƙafarsa ta hagu, wadda gwiwarta ta daɗe tana kumbura. Ni ce 'yarsa ta fari, don haka a al'adarmu ba ya kama sunana, ba ya kallona ido cikin ido, kuma ba ma doguwar hira. Na durƙusa daga gefe na gaishe shi. Ya amsa yana kallon sandar.

"Baffa, na ga ana shiri."

"Shanu sun yi marmarin ciyawar kudu," in ji shi.

"Da wannan ƙafar?"

"Ƙafa ai ta saba."

Iyakar abin da na samu ke nan. Inna ta biyo ni bayan ɗaki, ta ce da zarar an gama girbi za su tashi. Ta ce, "Kada ki ce masa komai, kada kuma mutumin gidanku ya zo ba da haƙuri. In ya zo, gobe ma sai mu tashi." Na san gaskiya ta faɗa. Na kuma san in dattijon nan ya kama hanyar kudu da wannan gwiwar, ba lallai ne in sake ganinsa ba.

Ai kuwa da na koma na tarar da maigidana ya sa takalmi zai tafi ba da haƙuri. Na tare ƙofa. Muka yi cacar baki irin wadda ba mu taɓa yi ba. Ya ce to me zai yi, ya fasa aikin? Na ce ban ce ya fasa ba, ni ma ina son in ga wuta a ɗakin haihuwa. Na ce ya nemo hanyar da ruwa zai kai ga shanu ba tare da an ce Baffa ya roƙa ba.

Ya koma sakatariya da shawarar a gina wa dabbobi wurin shan ruwa a wajen shinge. Wannan karon ya sha magana, don wasu sun ce kansila na neman a gina wa surukinsa kwatami da sunan aikin gari. Ya haɗiye. Ya ce ba shanun surukinsa kaɗai ke bin burtalin nan ba, a je a gani. Aka je aka gani, shugaban ya yarda a ja bututu daga famfo zuwa wajen shinge, a gina kwatamin shayar da dabbobin kowa da kowa, ko da zai jawo jinkirin aikin. Maigidana ya kuma roƙa a bar ƙaramar ƙofa ta ƙarfe a kan simintin rijiyar. Sannan aka tura dagaci, ba shi ba, ya je ya ce wa Baffa gari na neman taimakonsa, tunda shi ya san halin shanu, ya zo ya nuna inda ya kamata a gina. Baffa ya zo, ya yi tafiya mai ɗan nisa daga ginin, ya caka sandarsa a ƙasa. Ya ce in ya fi haka kusa, ƙara za ta firgita su.

Ranar da aka tayar da injin, gari ya cika da guɗa. Hayaƙi ya tashi baƙi ƙirin, sannan ya washe, ƙwan fitila ya kama a ƙofar dagaci da rana tsaka, yara suna tsalle a ƙarƙashinsa. Ruwa ya zubo a kwatami. Inna ta mayar da buhunanta ƙarƙashin gado. Na ɗauka magana ta ƙare.

Ba ta ƙare ba. A da, ruwan Baffa yana hannunsa. Yanzu ya koma hannun injin. A bazara ta biyu wani ƙarfe ya karye a cikinsa, aka ce sai an nemo shi daga nesa, babu wanda ya san ranar zuwansa. Gari ya koma aci-balbal, wannan da sauƙi. Amma kwatami ya bushe, shanu suka tsaya a kansa suna kuka suna lasar siminti. Inna ta aiko mini cewa an sake fito da buhunan, kuma wannan karon har an ɗaure.

Na faɗa wa maigidana bayan sallar asuba. Nan take ya miƙe. Ya cire babbar riga, ya karɓo makullin ƙofar rijiyar a wurin mai gadi, ya aro guga da igiya, ya kira 'yan garuwa su riƙa kai ruwan kwatami. Suka ce ya ba su igiyar su ja. Ya ce, "Ni na rufe ta, ni zan ja."

Allah sarki, mutumin da ko butarsa sai an cika masa. Na tsaya a bakin shinge ina kallonsa, tumbi na rawa, gumi na zuba, guga na dukan bango tana zubar da rabin ruwan kafin ta iso sama. Dariya ta kama ni, sannan tausayi ya kore ta. Haka ya yi ta yi kowace safiya. 'Yan adawa suka samu abin hira a teburin mai shayi. Tafin hannunsa ya yi bororo, ya fashe, ya ɗaure da tsumma ya ci gaba. Baffa kuwa yana tsaye can wajen kwatami, dogare da sandarsa, bai taɓa juyowa ya kalle shi ba. Kaya na nan a ɗaure a ƙofar ɗaki. Kullum na tashi da safe sai in ce ko yau ne za su tashi.

Wata safiya na kai wa Inna dawa, Baffa ya yi gyaran murya daga gindin marke. Na je na durƙusa. Ya turo mini wani ɗan ƙoƙo da bakin sandarsa, an rufe shi da ganye. Man shanu ne, sabo.

"A kai wa mutumin gidanku," in ji shi, yana kallon shanu. "Ya shafa a hannun."

"To, Baffa."

Na ɗauka, na yunƙura zan tashi.

"Kuma a gaya masa ba haka ake jan guga ba. Duk ya ɓata wa mutane igiya." Ya gyara zaman ƙafarsa mai ciwo. "Gobe zan zo in nuna masa. In bai iya ba, jibi ma ina nan."

Na kama hanyar gida riƙe da ƙoƙon da hannu biyu, ina kuka kamar ƙaramar yarinya, har matan da ke dawowa daga itace suka tsaya suna tambayata wa ya rasu.