Ranar da Kunnen Daji Bai Ji Giwa Ba

Godiya ta tabbata ga Allah, wanda Ya halicci giwa da tururuwa, Ya ba bayinSa ji da gani aro, Yake karɓar abinSa sa'ad da Ya so. Tsira da aminci su tabbata ga ManzonSa.

Bayan haka, wannan labarin wani bawan Allah ne da ya ƙarar da ƙarfinsa yana bin sawun namun daji a wani babban gandu, yana kai baƙi su ga goggon biri a kan tudu da giwaye a bakin kogi. Abokan aikinsa sun laƙaba masa Kunnen Daji, domin yakan ji karyewar reshe daga nesa ya ce wannan giwa ce, wannan kuwa ɓauna.

Da girma ya zo, sai jin ya soma janyewa. Bai gaya wa kowa ba. Ya koyi kallon leɓen mai magana, yana gyaɗa kai inda bai gane ba. Tsoro biyu suka zauna masa a ƙirji: kada a sallame shi, kada kuma rai ya salwanta a hannunsa.

Wata rana shugaban gandun ya kira shi ofis, inda wani likita da matarsa ke zaune gaban taswirar bango, ana shirya musu tafiya. Shugaba ya ɗora yatsa a kan tudun birai, ya gangaro da shi ta cikin fadama zuwa mashayar giwaye. Kunnen Daji kuwa ya san ciyawar fadamar ta fi mutum tsayi, ido ba ya aiki a cikinta sai kunne.

"Baba, babu haɗari dai ko?" in ji matar likita.

Shugaba ya yi dariya. "Haɗari kuma? Wannan tsohon ko giwa ta yi atishawa sai ya ce mata yarhamukillah."

Aka yi dariya, Kunnen Daji ma ya yi, ba tare da ya ji abin da aka faɗa ba.

Da ya koma gida yana shafa wa takalmansa mai a tsakar gida, matarsa ta zagayo ta tsaya a gabansa.

"Baban yara, tun daga ƙofar ɗaki nake kiranka. Har kwano na yar a bayanka, ko waigowa ba ka yi ba."

"Tunani nake yi."

"Tunani ko kurumta? Ni kana iya ruɗina, amma giwa ba matarka ba ce da za ta zagayo gabanka ta yi maka magana."

Ya ce, "Wannan tafiyar kaɗai. Daga ita zan faɗa."

Da safe suka hau tudu, suka tarar da goggon biri yana cin ganye cikin iyalinsa, baƙi suka yi ta tasbihi. Sai aka gangaro fadama. Kunnen Daji yana gaba, ciyawa ta rufe su, duniya ta yi masa tsit kamar an nutsar da kansa a ruwa. Yana tafe yana addu'a.

Kwatsam matar likita ta damƙe rigarsa. Ya waiga, ya ga fuskarta ta canza, ya karanta a leɓenta: "Baba, gurnanin mene ne wannan?"

Shi kuwa bai ji komai ba. Sai ga kan ciyawa yana rawa a damansu, ƙasa na motsi a ƙarƙashin tafin ƙafarsa. Ciyawar ta dare, uwar giwa ta bayyana da ɗanta a gindinta, ta baza kunnuwa, ta ɗaga hanci. Ya ga ta buɗe baki, baƙin suka toshe kunnuwansu, amma abin da ya iso gare shi bai wuce amo daga ƙasan rijiya ba.

"Kada wanda ya gudu," ya ce, bai ma san ko muryarsa ta fita ba. "Ku ja da baya, a hankali."

Ya tsaya tsakaninsu da ita, yana maimaita kalmar shahada. Ta tako har ya ga ƙudajen gefen idonta. Can ɗan ya juya ya shige ciyawa, uwar ta girgiza kai, ta bi shi.

Da suka dawo ofis, likita ya shiga yabonsa. Tsohon ya ɗaga hannu.

"Ranka ya daɗe, yabon nan na matarka ne. Ita ta ji, ni ban ji ba." Ya dubi shugaba. "Kunnen ya tafi tun bara. Na ɓoye maka, yau na kusa biya da rayukan mutane."

Bai sake shiga daji ba. Aka ba shi kujera a ƙofar gandu, yana koya wa baƙi yadda ake sunkuyar da kai gaban goggon biri. Matarsa ta ce har ya bar duniya, ganin doguwar ciyawa na sa shi istigfari.

Allah Ya yafe masa ɓoyon da ya yi, Ya karɓi gaskiyar da ya faɗa, Ya lulluɓe shi da rahama, Ya jiyar da shi sallamar mala'iku. Amin.