Ranar da Aka Wanke Tandar Inna

Wata Lahadi, a shekarar da ta biyo bayan babban fari, aka wanke tandar uwata da sabulu a gidan Baffa Sale a Kazaure. Daga ranar aka daina maganar sa ni a makaranta.

Ubana ya rasu a cikin farin, ya bar mu a Gwiwa ba tunkiya ba dami. Abin da ya riƙe mu tanda ce ta ƙasa, wadda Inna ta gada wurin uwarta. Baƙa ce wuluk, ta sha man gyaɗa shekara da shekaru har ramukanta suna sheƙi, da an taɓa waina da cokali sai ta juya. Ba a wanke ta. In an gama suya sai a goge da tsumma a kife. Aikina ɗebo karan dawa da fifita wuta. Wainar farko ba ta sayarwa ba ce, sadaka ce ga duk yaron da ya fara tsayawa. Da hantsi in ɗauki faranti in kai talla bakin firamare, in jingina da darni ina kallon 'yan aji cikin fararen riguna suna maimaita abin da malam ya faɗa. In sun fito tara mu yi langa tare, in aka kaɗa ƙarfe su koma su bar ni da ƙudaje.

Baffa Sale ƙanen ubana ne. Lokacin yunwa ko ƙeyarsa ba mu gani ba. Da kuɗin man fetur suka shigo ƙasa ya sami kwangilar kwalbati, ya yi tumbi, ya sayi mota, ya koma cin tuwo da cokali kamar mai ciwon hannu. Ya je Kaduna ya ci wani abu wai shi fankeke, ya dawo ya ce sai an soya wa abokansa ranar Lahadi, karin kumallon da ake yi bayan rana ta take, don su manya ba sa sammako. Ya aiko Inna ta zo da tandarta. Ya ce in baƙi suka yaba, zai riƙe ni ya sa ni a makaranta. Ɗan yayansa, amma sai da sharaɗin suya.

Muka kwana can. Da safe Inna ta shiga maƙwabta gaisuwa da ni, matar Baffa ta ga tanda ta ce ba a wannan ƙazantar za a yi wa baƙinta abinci ba. Ta sa aka dirje ta da yashi da soson ƙarfe da sabulun gari, har ta koma ja kamar yanzu aka fito da ita daga gashi. Muka dawo muka tarar da tandar a rana. Inna ta sa yatsa a rami ɗaya ta shafa, ta sunsuna. Ta ɗauke ta ta kai murhu.

Aka kawo ƙullun: fulawa, ƙwai, madarar gwangwani, sukari, da ruwan wata 'yar kwalba mai ƙamshin ayaba. Bai kwana ba, bai tashi ba. Na hura wuta, Inna ta zuba mai, tanda ta shanye, ta ƙara, ta shanye. Duk wadda aka zuba sai ta kama. Ƙasa ƙonanne, sama ɗanye, sai an kankaro ta gutsi-gutsi, ga ɗacin sabulu. Ko ta sadaka ba a samu ba.

Baƙi na falo sanye da kwat cikin zafin nan, suna gumi suna Turanci. Baffa ya fito, ɗaya daga cikinsu na biye da shi. Ya dubi farantin, ya yi wa mutumin dariya ya ce, "Sai haƙuri, 'yar aiki ce aka samo mana daga ƙauye."

Inna ba ta saba ɗaga ido gaban maza ba. Ranar ta ɗaga. "Alhaji, ni ce matar yayanka. A tandar nan nake soya maka guzuri kana tafiya makaranta."

Baƙon ya yi tari ya koma ciki. Baffa bai dube ta ba, ni ya duba. "Kai, tattara wa uwarka kayanta." Muna fita muna jin su sun buɗe burodi da kifin gwangwani suna santi.

Inna ta yi watanni tana shafa wa tanda mai tana gasa ta a wuta, har baƙinta ya komo. Maganar makaranta ba ta komo ba. Ban taɓa jin Inna ta ce ta yi nadamar abin da ta faɗa wa Baffa ba, ni ma ban taɓa tambayarta ba.

Yau fankeke na cikin leda a kowane shago, da ƙamshin ayabar nan, yara na rububinsa. Ba na ci. Ina zaune a Roni, ina facin taya a bakin tasha. Tandar na kife a ɗakina, ba mai wanke ta. Wannan ma jikata ce ke rubutawa, ni ina faɗa.