Ɗalibar da Ta Ƙaryata Littafi

Ina shekara ta huɗu da fara koyar da Turanci a wata makarantar 'yan mata a Anka aka kawo mana littafin. Kwafi shida ne kacal, ga ɗalibai cike da aji biyu na babbar sakandare, sai muka riƙa karanta shi a bayyane, babi ɗaya kowace Laraba, ina fassara musu inda ya yi tsauri. Labarin wata duniya ne da ta lalace. Guba ta ɓata ƙasa, manya sun ƙare, wasu matasa suna ta gudun neman inda za su rayu. A littafin, duk ƙasar da gubar ta taɓa takan yi kore tana wari, don haka masu wayo kan hango ta su kauce, wawaye kuma su taka su mutu.

Tare da littafin aka aiko da sanarwar gasa. Makarantun Anka da Gummi da Bukkuyum kowace za ta tura ɗaliba ɗaya zuwa Gummi ta faɗi ra'ayinta a kansa. Na sa kowa ta rubuta sharhi, na kuma koya musu yadda aka koya mini: ki yabi marubuci, ki taƙaita labari, ki jero darussa, ki rufe da roƙon Allah ya ƙara masa basira. Haka kuwa suka yi. Na duba takarda ta fi talatin, kowace ta ce littafin ya koya mata haƙuri da juriya. Har waɗanda na san barci suke sha ranar Laraba sun koyi juriya.

Takarda ɗaya ce ta fita daban, ta wata yarinya da ke zama a bencin ƙarshe. A ofis ba a kiran sunanta, 'yar Sunke ake cewa, da sunan ƙauyensu, kuma kowa ya san abin da ake nufi. Tana cikin yaran da gubar dalma ta taɓa suna ƙanana, lokacin da ake niƙa dutsen zinari a cikin gidaje. Rubutu na yi mata nauyi, magana kuma sai an tsare ta. Shugabar makaranta ta riga ta sa sunanta a jerin waɗanda ba za su wuce zuwa aji uku ba, Innarta kuma ta aiko cewa in aka sake maimaita mata aji, gara ta dawo gida a yi noma da ita. Makina na wannan zango ne zai raba gardama, domin sauran darussan a bakin iyaka take.

Rabin shafi ta rubuta, babu yabo, babu addu'a. Jimlar farko cewa ta yi marubucin ƙarya yake yi. Ni kuwa Allah ya yi ni da saurin hawa. Na zaro jan birona na ba ta biyu cikin ashirin, na rubuta a ƙasa cewa ta koyi ladabi. Wannan bai ishe ni ba. Ranar Laraba na tashe ta tsaye a gaban aji, na karanta jimlar da muryar ba'a, na tambaye ta ita wace ce da za ta ƙaryata mutumin da ya rubuta littafi sukutum, ita da layi biyar ke gagara.

Na ɗauka kuka za ta yi. Ta daɗe tana murza bakin hijabinta, sannan ta yi magana a hankali.

"Malama, mai littahin ga bai taɓa ganin guba ba. Tamu ba ta da launi, ba ta da wari. Ƙasar gidanmu ce dai wadda munka sani, bisanta munka yi rarrahe. Sai da agwagi sunka hwara mutuwa, sannan yara. Shi ya ce wawa ne ke takawa. Innata ba wawuya ba ce. Da tana wari, da ba ta aje ƙanena bisanta ba."

Na san ƙanen nan bai rayu ba. Kunya ta rufe ni, ban taɓa jin irinta a gaban aji ba. Ina tsaye da takardarta a hannu na rasa inda zan sa idona. Wata ɗiyar makiyaya ce ta cece ni, ta ɗaga hannu ta ce ita ma tun babi na bakwai abu ke cin ta. Yaran cikin littafin sun sami saniya mai nono guda ɗaya sun yanka, suka ci nama kwana biyu, suka koma kukan yunwa, alhali da sun bar ta da ta riƙe su har ƙarshen littafin. Aji ya tuntsire da dariya, bakin kowa ya buɗe. Wata ta ce sun kwana da yunwa a bakin gulbi ko fatsa ba su gwada ba. Wata ta ce ita dai duk da haka tana son jarumar littafin, kada a taɓa mata ita. Ashe duk suna da ra'ayi, ni ce na koya musu ɓoye shi.

Da aka tashi na wuce ofishin shugaba na ce 'yar Sunke zan kai Gummi. Ta dube ni ta saman tabarau ta tambaya ko lafiyata ƙalau. Ta ce yarinyar za ta tsaya a gaban jama'a ta daskare, a yi da makarantarmu a garuruwa uku. Muka yi ta ja, har na ɗaga murya fiye da yadda ya kamata ƙaramar malama ta yi. A ƙarshe ta ce to, in kai ta. In yarinyar ta fita kunya za ta cire sunanta daga jerin, in ta kunyata mu kuma kada in sake kawo mata maganar.

Mako biyu muka yi muna shiri a gindin dalbejiya lokacin tara. Ban canza mata ra'ayi ko ɗaya ba, Turancin kawai na taya ta ɗaurawa, gajerun jimloli da bakinta zai iya ɗauka. Wata rana na tambaye ta ko babu abin da marubucin ya faɗa daidai. Ta ce akwai. Inda jarumar ta goya ƙanenta mara lafiya tana tafiya, tana tsayawa kowane ɗan lokaci ta saurari numfashinsa ta bayanta. Ta ce haka Inna ta ba ta labarin ta yi da ƙanen nan nata a hanyar asibiti. Na ce wannan ma ta faɗe shi.

Ranar gasar muka kama hanyar Gummi da sassafe, shinkafa ta yi kore shar a fadama, ita kuwa ko kallon taga ba ta yi ba, leɓunanta kawai ke motsi. A zauren, ɗaliba bayan ɗaliba ta fito ta zubo Turanci kamar famfo, kowace ta koyi haƙuri da juriya. Na ji muryata a bakin yaran wasu, na gane ba ni kaɗai ke da laifin ba. Alƙalai uku ne, babbansu wani tsohon malami mai ritaya, har ya fara gyangyaɗi.

Aka kira makarantarmu. Ta fito, ta faɗi jimlar farko, tsohon ya ɗago kai. A ta uku ta sarƙe. Aka fara ƙus-ƙus a baya, ni kuma ina hango ta da fartanya a Sunke. Sai ta ja numfashi ta koma farkon jimlar, ta bi ta kalma-kalma har ta haye. Ta yi maganar launi da wari, ta yi ta agwagi, ta ce da aka zo kankare ƙasar gidajensu aka zuba sabuwa, ido bai iya bambanta tsohuwar da sabuwar. Ta rufe da goyon, ta ce a wannan shafin ta yafe wa marubucin rabin laifinsa.

Tsohon ya yi mata tambaya da Hausa, ya ce, "Ɗiyata, to a karanta littahin ko a aje shi?"

Ta ce, "A karanta shi, Baba. Amma a karanta shi kusa da wanda ya gani."

Ban san lokacin da na miƙe ina tafi ba, ni da nake tsawata wa yara a kan hayaniya. Ita ta zo ta ɗaya, aka ba ta takardar shaida. Tsohon ya ce tun safe yake jin yabo, sai yanzu ya ji wadda ta karanta littafin. Daɗi ya kama ni har na yi hawaye, ban kuma ɓoye ba. A mota na ba ta haƙuri a kan abin da na yi mata a gaban aji. Ta ce ba komai, sannan ta tambaya ko Inna za ta iya riƙe takardar shaidar a ɗakinta.

Washegari na kai ta ofishin shugaba. Shugaba ta juya takardar shaidar gaba da baya, ta jawo jerin sunayen daga aljihun tebur, ta laluba ba ta sami abin rubutu ba. Na miƙa mata jan birona, wanda na ba da biyu cikin ashirin da shi. Ta ja layi a kan sunan, ta dubi yarinyar, ta kira ta da sunanta na yanka, ta ce ta gaya wa Inna a nemi wani ya taya ta noman bana.