Wendell Haskins, mai goge idon kyamara

Kullum safiya Wendell Haskins yakan ɗora tsani a bayan tsohuwar a-kori-kurarsa, ya kurɓi baƙin kofi, ya bi titunan gundumarmu yana duba kyamarorin 'yan sanda, masu karanta lambar duk motar da ta gifta. Ya goge ƙura, ya kori zanzaro, ya ɗaure wayar da iska ta kwance. Masu wucewa kan tsokane shi: "Wendell, ce mata ta ɗauke ni da kyau!" Shi kuma ya ce, "Ai ba ta gyara muni."

Yana alfahari da aikin. Da kyamarorin nan aka gano wani tsoho mai ciwon mantuwa da ya ɗauki mota ya ɓace.

Wata rana Royce Tackett, ɗan sandan da kowa ke ji da shi, ya dafa kafaɗarsa. "Dattijo, juya min waccan ta kalli hanyar gonar Ledford. Ɓarayin shanu sun addabe mu." Wendell ya hau ya juya, bai tambayi komai ba.

Bayan 'yan makonni mota ta tsaya a gindin tsaninsa. Marlene ce, matar Royce, wadda ta gaji da duka ta gudu gidan yayarta da ke kan hanyar gonar Ledford ɗin. Gefen fuskarta a kumbure.

"Mista Haskins, ko kanti na fita sai in tarar da shi yana jirana. Wa yake gaya masa?"

Wendell ya sauko daga tsanin. Ji ya yi kamar ƙasa ta tsage ya shige.

"Ni ne, 'yata. Ni na juya masa kyamarar."

Ya kai maganar ga shugaban 'yan sandan, aka ce masa, "Royce namu ne, bar zancen." Sai ya jira taron majalisar gunduma, ya miƙe a gaban jama'a da hula a hannu, ya fallasa yadda Royce ke bibiyar matarsa da kyamara, ya fara da sunan kansa kafin ya ambaci na kowa.

Abin da gundumar nan ta saka masa da shi ba ya faɗuwa sai da sunkuyar da kai. A gidan cin abinci aka bar shi shi kaɗai a tebur. A coci aka riƙa matsawa daga kusa da shi. Aka kira shi maci amana. Daga baya an kori Royce, an kafa doka cewa ba mai bibiyar motar wani sai da izini, amma ba wanda ya je ya ba Wendell haƙuri.

Watan jiya ya yi ritaya. An yanka kek, masu ci ba su cika tebur ba. Marlene ta zo, ya kasa haɗa ido da ita.

Ta ce, "Ɗago kanka, Mista Haskins. Da yawa sun sani. Kai kaɗai ka faɗa."

Kai ne, Wendell, ka ɗauki kunyar da ta kamata a raba wa gari guda. Namijin duniya, ka tona asirin kanka don wata ta samu barci. Mun gode, ko da yake godiyar ta makara. Masu tasowa, ku yi koyi da shi: in da hannunku aka cuci wani, ku miƙe ku faɗa tun wanda aka cuta yana da sauran numfashi.